Gaisuwar Mutuwar Da Na Kai a Jirgin Ruwa

Tun gari bai waye ba muka tashi ranar Asabar ɗin da ta wuce. A Morrisania, unguwarmu ta Bronx a New York, ba ladan ke tashin mutum ba, waya ce, ita ma na riga ta farkawa saboda wainar da nake soyawa. Na idar da sallar asuba, na zuba wainar a kula, na ɗauko leshina mai ruwan zuma wanda rabona da shi tun babbar sallah, na kafa ɗauri. Maigidana yana kallona daga bakin gado ya ce in aka kore ni daga aiki a kan wannan tafiya kada in zo ina masa kuka. Na ce na ji, addu'a kawai nake so. Ya yi, amma ciki-ciki.

Ku da kuka ga hotunan ruwa da duwatsu da na saka kuna tambaya ina na je shan iska, ba shan iska na je ba. Gaisuwar mutuwa na kai. Bari in faɗi ta wa tun yanzu don labarin ya tafi daidai.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, irin aikin da rabin matan unguwarmu ke yi. Shekara huɗu na yi a gidan wata tsohuwar Baturiya a wani ɗan gari da ke bakin kogin Hudson, can sama da birni. In hau jirgin ƙasa Litinin da safe, in kwana huɗu, in dawo Juma'a da yamma. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki, ni ke juya ta a gado kada bayanta ya yi gyambo. Mama nake ce mata, tun tana hana ni har ta haƙura. A ƙarshe-ƙarshen nan hankalinta ya fara guduwa. Wata Alhamis a tsakiyar sanyin bana ta watsa mini miya mai zafi a ƙirji, ta ce ni ɓarauniya ce, na sace mata mijinta, mijin da ya mutu tun ban zo ƙasar nan ba. Raina ya ɓaci. Na fizgo hannunta da ƙarfi, na daka mata tsawa da Hausa har ta yi tsit jikinta na rawa. Washegari na haɗa jakata ina kumbure-kumbure, ban ba ta haƙuri ba, na ce a raina sai na huce tukuna. A bakin ƙofa abu ɗaya na ce mata: sai Litinin.

Ashe akwai kyamara a kan kantar littattafai, 'yarta ce ta saka. Ranar Lahadi shugabarmu ta ofis ta kira ni ta ce kada in koma, an canza mini gida. Ta tuna mini da takardar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni aiki: ba kiran waya, ba ziyara, ba wata hulɗa da dangin wanda aka cire ka daga gidansa, wanda ya karya kuwa a bakin aikinsa. Ko 'yan kayana da na bari ba a bar ni na je ɗauka ba. Sai cikin zafin nan da ya wuce wata da ke aiki a maƙwabta ta gaya mini Mama ta rasu, har an yi sati uku da binne ta. Babu wanda ya ga ya kamata a sanar da ni.

Tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba. Haƙƙin tsohuwa ne a wuyana, ita ta tafi, saura magajiyarta. Na sha maganganu a unguwa. Wasu sun ce ai ba Musulma ba ce, me ya dame ni. Wasu sun ce Turawa ba su san gaisuwar mutuwa ba, kati suke aikawa. Na ce shekara huɗu ina ci ina sha a gidanta ba wanda ya tambaye ni addininta sai yanzu. Kuma ni da na wanke mata kashi ba zan aika kati ba.

Jirgin ruwan ma da dalilinsa. Duk kaka, idan ganye ya fara ja, akwai jirgin 'yan yawon buɗe ido da ke tasowa daga birni a ƙarshen mako ya tsaya a garin. Ranar Juma'a kafin in tafi nakan tura Mama bakin taga mu kalle shi. Lokacin da take da hankalinta takan tsokane ni ta ce wata rana in zo a cikinsa kamar wata babbar mace. Na ce zan zo, da leshi ma kuwa, in shigo ta ƙofar gaba, ita ta dafa mini shayi. Ta ƙofar kicin nake shiga duk shekarun nan.

Mu uku muka tafi. Akwai wata Hajiya 'yar Kumasi da ke saman benenmu, ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ma aikin tsofaffi take yi. Ta ce ba don ta yarda da shirina za ta bi ni ba, sai don kada a kama ni ni kaɗai. Ta ƙare wa leshina kallo ta ce ba ta taɓa ganin mai zuwa gidan mutuwa da shigar biki ba. Na ce alkawari ne, sai ita ma ta koma ta sa nata. Ta ukun wata ƙanwarmu ce 'yar Maradi mai kitso a Harlem, ta fi mu duka jin Turanci, a Harlem ɗin ta shigo jirgin ƙasan da muke ciki da filas ɗin shayi da ƙunshin kilishi.

Mun sauka can ƙarshen Manhattan muka taka zuwa bakin ruwa. Tikiti dala sittin da biyar ne kowace, zuwa da dawowa. Layin ya cika da Turawa masu rigunan sanyi da takalman hawan dutse, kowa da kyamara a wuya, sai mu uku kamar an ajiye 'yan kai amarya a cikinsu. Matar da ke duba tikiti ta nuna kulata ta ce ba a shiga da abincin waje. 'Yar Maradi ta ce mata ba na ci a jirgi ba ne, na gidan mutuwa ne. Nan da nan matar ta sauya fuska ta ba mu hanya. Ba ta san Hajiya na da kwanon wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan nasu na Kumasi, a ƙarƙashin mayafi ba, shi kam na ci a jirgi ne.

Ƙarfe tara daidai jirgin ya tashi. Muka kewayo ƙasan birni, muka gifta babban jirgin nan mai ruwan lemo da ke tsallakar da ma'aikata zuwa unguwar St. George kyauta, Hajiya ta ce da shi muka hau da mun huta. Daga nan muka miƙe arewa. Shekarata goma sha ɗaya a New York ban taɓa ganinta ta baya ba. Daga ruwa Harlem shiru take, ba ka jin masu kitso suna kiran mutane a bakin titi, ba ƙanshin suya, sai dogayen gidaje da bishiyoyi. Muka wuce ta ƙarƙashin babbar gadar da ke tsallakawa New Jersey, sai gine-gine suka ƙare, duwatsu suka miƙe tsaye a hagunmu kamar katanga.

Kofi a cikin jirgin dala huɗu ne, wanda nake saya dala ɗaya a shagon ɗan Yaman na kusurwar layinmu. Muka gode wa Allah da filas. Turawan suka hau sama cikin iska mai yankan kunne suna ɗaukar hoton ganye. Gaskiya ganyen ya yi kyau, ja da rawaya da ruwan goro tun daga bakin ruwa har kan duwatsu, amma Hajiya ta ce ita dai ba ta gane ba, a Kumasi in bishiya ta yi haka mai magani ake nema mata, nan kuma kuɗi ake biya a zo kallo. Mun ga wata sabuwar gada da ake ginawa a gefen tsohuwa, ƙarafa cike da ruwa. Mun ga wani gidan yari da katangarsa ta sauko har bakin kogi, wani mai magana a lasifika yana ba da tarihinsa kamar abin alfahari. Hajiya ta zungure ni ta ce in duba da kyau, wataƙila masaukinmu ne.

Na yi dariyar yaƙe. Ga layin dogon da na bi shekara huɗu yana tafe a hannun dama, kowace tasha na san ta. 'Yar Maradi ta lura na daina cin kilishi. Ta ce tun da ba wanda ya san da zuwanmu, muna iya yawonmu a garin mu cinye wainar mu dawo, ba abin da ya ragu.

"Ba zan dawo da ita ba," na ce. "Ko ƙofa ta rufe mini, sai na faɗi abin da ya kawo ni a bakin ƙofar."

Hajiya ta girgiza kai. "Yarinya nan kanki ya na da ƙarfi paa. In police sun zo, ni sightseeing na zo, yawon kallo kawai."

Wajen sha biyu saura muka isa. Kafin a buɗe ƙofa aka sanar sau biyu cewa jirgi zai tashi uku da rabi, kuma ba ya jiran kowa.

Garin titi ɗaya ne za a ce, ya taso daga bakin ruwa ya haura tudu. Sai an bi ta wani ɗan rami a ƙarƙashin layin dogo ake fitowa cikinsa. Gidajen katako ne da jan bulo, kowace ƙofa an jera mata kabewa manya-manya, ba don miya ba, don ado. Na daɗe da sabawa da wannan, amma Hajiya sai da ta tsaya ta ƙwanƙwasa wata ta tabbatar ta gaske ce, ta yi tsaki. Shagunan tsofaffin kaya sun fi komai yawa. A ɗaya muka ga dutsen guga na gawayi irin wanda innata ta jefar a bayan gida a Kano, an rubuta masa dala arba'in. Ga layin masu sayen askirim ya fito har titi cikin wannan sanyi, kusan kowa da karensa, wasu karnukan ma da riguna. Muka sayi tuffa a wajen wani manomi da ya kafa tebur, masu daɗi ne ƙwarai. Ruwan tuffa mai zafi da yake sayarwa kuwa sai da 'yar Maradi ta titsiye shi ya tabbatar mata ba giya a ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kallo. Shekara huɗu ina tura keken Mama a titin nan da kayan aiki, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube ni. Yau kowa murmushi, wata har ta tambaye mu ko akwai wani biki ne a gari. Na leƙa kantin maganin da nake zuwa duk mako karɓar maganin Mama. Mai kantin ya yaba ɗaurina, ya tambaye ni ko yau ne zuwana garin na farko. Na ce masa a'a, na bar shi a nan.

Na yi ta jan ƙafa, ba zan ɓoye ba. Muka koma wani ɗan fili mai ciyawa a bakin ruwa, muka yi alwala da ruwan gora, muka shimfiɗa mayafai muka yi azahar, masu karnuka na kewaye mu. Muka ci abin da ya rage a kwanon Hajiya. Sai da biyu ta wuce ta miƙe ta karkaɗe zaninta ta ce ko dai mu je yanzu ko kuma in daina damun mutane. Muka haura tudun.

Tun daga nesa na ga motoci jere a gaban gidan. Zuciyata ta ce ko wani taron addu'a suke yi. Muna matsowa sai ga wani mutum ya fito ɗauke da fitilar ɗakin Mama, wata na biye da shi da madubinta. Ƙofar gaba a wangale take, an kafa allo a ciyawa. 'Yar Maradi ta karanta ta ce gwanjon kayan gida ake yi. Haka suke yi, in mutum ya mutu sai a buɗe gidansa, a liƙa wa komai farashi, duk wanda ya ga dama ya shiga ya zaɓa. Hajiya ta yi salati. A wajenmu kayan mamaci magada ke rabawa, abin da ya ragu a ba da sadaka, ba a baje kofinsa da zanin gadonsa ga 'yan titi.

Na ce to, tun da an buɗe wa kowa, ni ma kowa ce. Muka tuɓe takalmanmu a bakin ƙofa yadda ake shiga gidan mutuwa, na yi sallama da ƙarfi, na shiga ta ƙofar gaba.

Komai na nan da 'yar takarda a jikinsa. Kofin da nake ba ta shayi, sandarta, kujerar da take zama a bakin taga, har bargon da nake rufa mata a ƙafa. Mutane na juya su suna leƙa gindinsu. A kan tagar nan da muke kallon jirgi na hango butata, shuɗiyar butar roba da na saya a Harlem, wadda na yi alwala da ita shekara huɗu a gidan. An liƙa mata dala biyu, an rubuta wai ta ban ruwan fulawa ce. Na miƙa hannu na ɗauke ta.

'Yar Mama na zaune a wani tebur a tsakiyar falo. Za ta yi shekara hamsin da 'yan kai, mai gilashi, a wata jiha take zaune, sau biyu ko uku a shekara nake ganinta. Ta rame. Ta ɗago da murmushin da take yi wa masu saye ta ce dala biyu ce. Na ce tawa ce. Ta dube ni, ta dubi leshin, ta sake dubana, sai murmushin ya ɗauke.

Ta ce bai kamata in zo nan ba. Ta ce da na kira waya tukuna, kuma in ta ga dama yanzu za ta iya kiran ofishinmu.

"Kira su," na ce da Turancina mai karaya. "In ba ki da lambar zan ba ki. Amma ki bari in gama, jirgina uku da rabi zai tashi."

Na ajiye kular a gabanta. Muka zauna a ƙasa mu uku a kan kafet, kamar yadda ake yi, masu saye suna ratsa mu. Wani ya tsaya da agogon bango a hannu yana kallo. Na fara da gaisuwa, inda Turancina ya ƙare 'yar Maradi ta ɗora. Na ce mun zo yi mata gaisuwar mahaifiyarta, Allah ya ba ta haƙuri, ya ba ta juriyar rashi. Na ce wannan waina ce, Mama na son ta da zuma. Hajiya, wadda ta ce yawon kallo ta zo, ita ta fi kowa jan gaisuwar, da Hausa tsantsa, tana share ido da bakin mayafi.

Sannan na zo kan abin da ya kawo ni. Na ce abin da ta gani a kyamara gaskiya ne, ban zo musu ba. Na fizgi mahaifiyarta, na yi mata tsawa, na tsorata ta, na tafi ban nemi yafiyarta ba. Yanzu ita ba ta nan, 'yarta ce ta rage, ina roƙo ta yafe mini. Ta kawar da kai ta ce ba komai, ya wuce. Na ce a'a. Irin wannan ba komai ɗin na sha jin ta a gidajen aiki, washegari kuma ofis ya kira ni. In ta yafe ta faɗa da bakinta, in ba ta yafe ba ta faɗa, zan ɗauki takalmana in tafi.

Sai ta cire gilashinta. Ta ce bayan tafiyata mata biyar aka kawo, ba wadda ta yi wata guda. A ƙarshe ita ta ajiye aikinta ta dawo gidan. Ta ce a sati na biyu ta yi wa mahaifiyarta tsawar da ta fi tawa, kuma lokacin ta riga ta cire kyamarar. Sannan ta nuna butar da ke hannuna.

"Na so in jefar da wannan tun tuni, ta hana. Duk wanda ya taɓa ta sai ta yi ihu, ta ce a bari, mai ita za ta zo ranar Litinin. Har satin da ta rasu tana faɗa."

Ban san sanda na rungume butar ba. Matar da ta manta sunan 'yarta, ta manta mijinta ya mutu, ba ta manta da maganar da na faɗa mata ina fushi a bakin ƙofa ba. Wata shida tana jira, ga waya a gidan, ga lambata a manne jikin firji da rubutun hannuna.

'Yar ta ce ta yafe mini, ta faɗa ƙarara yadda na nema. Ta tambayi 'yar Maradi ko shi ke nan, ko akwai abin da ake yi bayan haka. 'Yar Maradi ta ce a wajenmu wanda aka roƙa shi ma yakan roƙa, don ba a zama tare ba a saɓa ba. Matar ta sauko daga kujerarta ta durƙusa a kan kafet ɗin, gwiwoyinta na ƙara. Ta ce in yafe mata da ba ta kira ni ba, da rai da kuma bayan mutuwa.

Ni da na taso tun daga Bronx da leshi da kula neman yafiya, aka roƙe ni ita sai na ji ba ni da niyyar bayarwa. Haushi ne fal cikina, sabo, wanda ban zo da shi ba. Na so in ce mata kira ɗaya ya isa in zo ko da ƙafa ne, ko ofis zai kore ni sau goma. Ina ta kallon tagar. Hajiya ta mintsine ni a cinya.

"Ƙanwata, abin da kin zo nema an ba ki. Ba ta nata."

Daga ƙasan tudu jirgi ya yi kuka. Na ce na yafe. Muryata ba ta fita sosai ba, sai na maimaita. Ta ce in ɗauki duk abin da nake so a gidan kyauta, ko kujerar, za ta aiko mini. Na ce ban zo kwasar kaya ba, abina na ɗauka. Kular ma na bar mata.

A bakin ƙofa muka tarar da wata mata riƙe da takalmin Hajiya ƙafa ɗaya, tana juya shi tana neman takardar farashi, ɗayar kuma har ta zura ƙafa tana gwadawa. Hajiya ba ta tsaya Turanci ba, ta warce abinta, ta nuna ɗayar da yatsa har aka cire. Uku da kwata ta wuce. Duk wanda ke titin garin nan ranar ya ga mata uku da leshi suna gangara tudu a guje, ɗaya da buta, ɗaya da takalma a hannu. Mu ne na ƙarshen shiga, ana janye gadar katako a bayanmu.

Da jirgin ya juya na fita waje na nemi gidan. Ana ganin tagar daga ruwa, ƙarama ce ƙwarai, ban taɓa sanin haka take daga nan ba. Na tsaya har dutse ya tare ta. Na shiga banɗakin jirgin na cika butata, na yi alwala, na yi la'asar a wani lungu a bayan kujeru. Hajiya ta yi barci da baki buɗe tun kafin mu kai gidan yarin nan. 'Yar Maradi ta cinye sauran kilishin ita kaɗai tana lissafa kawunan da za ta kitsa gobe. Ana kunna fitilun birni muka sauka, muka kama jirgin ƙasa, kowa ya yi gida. Maigidana ya dubi hannuna ya ce dala sittin da biyar na biya don in ɗauko buta. Na ce eh, kuma ta yi araha.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Haƙurin da za ka bayar yau kada ka ajiye shi sai ka huce, ni na ajiye nawa kwana uku ya zama wata takwas. Na kuma gane roƙon yafiya ya fi bayar da ita sauƙi. Na faɗa da bakina, amma zuciyar tana biyowa ne a hankali, har yau in na tuna lambar nan a jikin firji sai haushin ya dawo mini. Masu zuwa garin don ganye, ku je, yana da kyau, ku riƙe filas ɗinku, kuma kada ku bar takalmi a ƙofar gidan da aka kafa wa allo.

Na san a cikin masu karanta wannan akwai waɗanda muke ofis ɗaya da su, na kuma san shugabarmu ba ta jin Hausa amma ba ta rasa masu fassara. Wanda zai kai ya kai, ya faɗa mata daidai, har da leshin. Takardar da na sa wa hannu ba ta san Mama ba, ni na san ta.

Butar tana banɗakina, ban ɓare takardar dala biyun ba, ba kuma zan ɓare ba. Da ita na yi alwalar asuba yau kafin in fita aiki. Yau ɗin Litinin ce. Mama ta ce mai ita za ta zo, ban zo a kan lokaci ba, amma ban mai da ta maƙaryaciya ba.